Rabin Ƙarfi

A Surin, bayan gonakin shinkafa,
akwai rumfar kwano mai yoyo ta gabas,
igiya huɗu, tsofaffin tayoyi, buhu biyu masu faci.
Nan na koyi kai naushi,
nan kuma na koyi tsayar da shi a hanya.

Shekarata goma sha shida, jini na tafasa.
Na zo da ƙaurin da ya sare kututturen ayaba,
duk wanda ya tsaya a gabana
gani nake bashi nake binsa.

Tsoho Bunchu ya ɗaura min safa mai kaurin matashi,
ya cusa min roba a baki, ya ce,
"Ga Samruay. Taɓa shi. Kada ka doke shi."
Na ce, "To, ina amfanin?"
Bai tanka ba. Gyaɗa yake ɓarewa.

Shi Samruay dariya ma yake.
Ƙafarsa ta sauka a haƙarƙarina
kamar ganye ya faɗa kan ruwa.
Sau uku. Sau huɗu. Babu zafi,
sai dai kowane taɓi na raɗa min,
ga ƙofarka nan a buɗe, ga wata, ga wata.
Ashe kunya ta fi naushi ciwo.
Zuciya ta ɗebe ni,
na saki gwiwar hannu da iya ƙarfina.
Gira ta tsage. Jini har haɓa.

Saura kwana biyar ya hau dandali a Korat.
Kuɗin wasan ne za su fanso
ɓaunar noman babansa daga hannun mai bashi.

Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zaga.
Tsoho ya ja hannuna zuwa bayan rumfa,
inda wani mutum ke zama kullum a benci,
yana kai cokali baki, shinkafa na zuba a cinya.
"Ƙanena ne, Sanit.
Ya fi ni ido, ya fi ni zafin nama.
Ba a babban birni aka yi masa haka ba,
ba a gaban 'yan caca da masu kiɗa ba.
A nan ne, wata Laraba, ba ɗan kallo ko ɗaya.
Ni ne.
So nake ya san waye babba."
Sanit ya ɗago ya yi min murmushi,
ya kira ni da sunan wani da ban sani ba.

Daminar nan a gonar su Samruay na yi ta,
laka har gwiwa, dashe har duhu,
ina biyan abin da ba ya biyuwa.
Ranar da aka kwance masa ɗinki shida
ya jefo min safa, ya ce, "Zo mu yi wasa."
Wasa ya ce. Bai ce ramuwa ba.

A rabin ƙarfi ido ke buɗewa.
Na fara ganin kafaɗa na tona asirin hannu,
na fara jin numfashi kafin ƙafa ta tashi.
Na yi kuskure ɗari, na kwana da haƙorana,
gari ya waye na sake ɗari.
Abokin gwaji jikinsa ya ara maka,
kayan aro kuwa
yadda ka karɓa haka za ka mayar.

Yau ni ke ɗaura wa yara safa.
Jiya wani ya zo, Wirat, idonsa jawur,
na ce, "Taɓa shi. Kada ka doke shi."
Ya ce, "To, ina amfanin?"
Na laluba aljihu, na ciro gyaɗa.

Bencin yana nan bayan rumfa,
shekara tara ba kowa a kansa.
Nakan share shi da safe.
So nake ya tsufa haka, babu kowa.