Lissafin Alhaji Tanimu Mai-Sikeli

Ni na riƙe masa littafi shekara ashirin da bakwai,
a rumfar auduga, bayan tashar jirgi, Sabon Gari.
In ya ce, "Lurwanu, rubuta," in rubuta.
In ya taɓa bakin hularsa, na san cinikin ya mutu.

Sikelin nan na ƙarfe gadonsa ne.
Kowace Asabar ya shafa masa man gyaɗa da kansa.
Da aka kawo mai lantarki daga Legas
ya zagaya shi sau biyu kamar mai taya akuya,
ya ce, "Abin da ba na ganin duwatsunsa
ba zai auna mini gumin talaka ba."

Auduga ta mutu, ya koma masara.
Masara ta haifi tirela, tirela ta haifi tara.
'Yan kasuwa suka zo masa bayan Isha'i,
takalmansu sun cika zaure:
"Ka je Abuja ka yi mana magana."
Ya ce in lissafa masa abin da zaɓe zai ci.
Na lissafa. Ya rage fasta, ya soke makaɗa,
ya bar kuɗin shayi.

Ya ci.

A majalisa, in ji direbansa Ɗanjuma,
ba ya tashi sai an ambaci rance ko haraji.
Kalmarsa ɗaya ce: "Wa zai biya?"
Har 'yan jarida suka laƙaba masa ita.
Aka ce a tashi kasuwa a kai ta bakin Kwangila, ya ƙi.
Aka ce a ƙara wa masu rumfa kuɗin shekara, ya ƙi.
"Katangar da ka tarar a tsaye," yake cewa,
"tambayi wanda ya gina ta kafin ka ɗauko diga."
Mahauta suka aiko masa da cinya.
Ɗaliban Samaru suka zana shi a bango
yana barci a kan buhu.

Sai maganar gadar unguwarmu a kan Kubanni.
Da bashi za a gina ta, bashin shekara talatin.
Ya ce ba zai ci tuwo yau
jikansa ya wanke tukunya gobe ba.
Magana ce mai kyau. Ni ma na gyaɗa kai.
Amma a watan Agusta na shekarar nan
ruwa ya tafi da Ladidi mai ƙosai da farantinta,
aka tsince ta kwana biyu baya, can ƙasa.
Ya zo ta'aziyya, ya zauna a ƙarshen tabarma.
Ba wanda ya tambaye shi wa zai biya.

Zango uku ya yi. A na huɗu
Zailani, ɗan wanda ke masa dako a da,
ya kayar da shi da waya a hannu.
Ya dawo da akwati biyu, babu gida a Abuja,
tirelolin sun koma huɗu.
Wasu suka ce tsoron Allah ne, wasu suka ce rowa.

Yanzu da la'asar yana zama a ƙofar rumfa,
ido ya yi rauni, sikelin na gefensa.
Jiya ya ce, "Lurwanu, ɗauko littafi,
shekara goma sha biyun nan, fitar mini da riba."
Na jera rumfunan da ba a rushe ba,
harajin da ba a ɗora ba, bashin da ba a ci ba.
Na zo kan Ladidi, alƙalami ya tsaya.

Ya ce, "Nawa ya fita?"
Na ce, "Alhaji, an kira salla."