Ramin Igiya

A Duwala muna da wani ɗaki mai sanyi
inda ake sakin waya daga tsayin tebur,
ta faɗi kan tayil, a ɗauka, a rubuta: ta tsira.
Ni aka ba littafi da kuɗin mota,
aka ce, Dijatu, ke 'yar Garwa ce,
je ki tambayo mana yadda wayoyinmu ke mutuwa.

Na fara da rumfar Hamajoda mai gyara, a Yelwa.
Ya zube min kwali guda, gawa bisa gawa,
kowace ya san ajalinta.
Wannan daga aljihun ɗan moto ta zame
a kwanar Rumde Ajiya, tirelar auduga ta bi ta kai.
Wannan saniya ta taka a kasuwar Adumri,
mai ita na tsakiyar cewa albarka.
Wannan kaskon ƙosai ta faɗa,
shinshina ki ji, har yau man gyaɗa.
Waɗannan bakwai kuwa Binuwai ne,
su ne aka tsamo.
Waɗanda ba a tsamo ba, sai ki tambayi dorina.

Kwana tara ina ja layi ina ƙirga,
ɗari biyu da goma sha ɗaya,
babu ko guda da ta faɗo daga tebur.
Wa ke da tebur a cikin kwalekwale?

Inna Asta mai banda ba ta yi kukan gilashi ba.
Ta ce, gilashi in ya tsage
ai ina leƙa duniya ta tsagar.
Abin da ruwa ya ci mata
sunayen mutum goma sha tara da take bi bashi,
da muryar ɗanta Wakili, daƙiƙa arba'in,
yana cewa ya isa Kusiri lafiya.
Wancan ne saƙonsa na ƙarshe.
Ban san a wane layi zan rubuta wannan ba,
na bar shafin fari, na naɗe kunnensa.

Da na koma aka ce kuɗin gyara ɗaya ne, a zaɓa.
Oga yana son ido na huɗu a bayan waya,
don hoton dare ya fito ras.
Na buɗe littafina, ƙaurin kifi ya cika ofis.
Na ce abu uku na zo da su:
roba mai kauri a kusurwa huɗu,
wurin ajiyar murya da ruwa ba ya kaiwa,
da rami, ɗan ƙarami kamar idon allurar buhu,
inda mutum zai zura igiya ya rataya a wuya.

Suka yi dariya.
Rami? Tun yaushe aka daina, wannan ai ƙauyanci ne.
Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ku kuna auna faɗuwa,
su so suke kada ta kai ƙasa.

Sefa nawa ne ramin? in ji mai lissafi.
Aka buga, bai kai kuɗin goro ba.
Shi ya sa aka ba ni shi.
Kusurwa sai baɗi.
Murya kuwa, ana dubawa.

Bana da ruwa ya ja baya na sauka ƙarƙashin gada.
Wani masunci ya sunkuya zai ja taru,
waya ta fito daga wuyan rigarsa,
ta yi lilo, ta sumbaci ruwa ko ba ta sumbata ba,
zaren koma ya dawo da ita ƙirjinsa.
Ko kallonta bai yi ba.

Hamajoda ya ce na rage masa ciniki,
amma kada in yi saurin murna:
yanzu ɓarayin tasha reza suke ɗauka,
kuma jiya akuya ta tauna igiyar wani.
Na zaro littafin, na lashi yatsa,
na wuce shafin nan mai naɗaɗɗen kunne,
na ce, to, faɗa min, wace irin igiya ce?