Akayau Mai Audugar Rimi

Ran Juma'ar da Malam Sagiru ya hau mumbari
ya ce rawa igiyar Shaiɗan ce,
ina sahu na uku, gefen taga.
Bai kira sunana ba.
Wuyan mutane ne ya kira, da suka yi ta waiwayowa.

Na sunkuya ina kallon ƙafafuna:
kaushi, faso, farcen da garma ta cire bara.
Su suka kawo ni masallaci tun kafin kiran farko,
su suka taka maƙabarta ran da muka kai mahaifinsa,
ni na shiga ramin, ni na karɓi kan gawa.

Ran Asabar aka zo aka ɗauke lalajen Ɗantala.
Bai yi gardama ba, tabarma ma ya shimfiɗa musu.
Mai sarewa ya koma sayar da rake a tashar Jahun.
Tambai kuwa, da muka shekara tara muna koroso,
kafaɗa da kafaɗa, ba mu taɓa saɓa taku ba,
yayanta ya ce ko ta bari, ko ta bar gidan.
Ta bari. In mun haɗu a bakin rijiya
sai ta gaishe ni da ka, ta wuce ba tsayawa.

Saura mu huɗu:
ni, Ɗantala, Barau makaniki,
da wani yaro Ilu da ba wanda ya gayyata.
Bayan lisha, in gari ya ɗauki shiru,
mukan gangara fadama, bayan lambun albasa,
inda yashi ke shanye sawu da sauti.
Na cusa wa akayau audugar rimi har bakinsa ya mutu.
Ɗantala na kiɗa a cinya da tafin hannu,
a hankali, kamar mai lallashin jariri.
Wanda bai sani ba zai ce mahaukata huɗu ne
ke tattake tururuwa a duhuwa.

Amma ni ina jin komai.
Ina jin sarewar da ke can tashar Jahun,
guɗar mata, ƙamshin ƙasar dandali da aka yayyafa wa ruwa.
A damana kuma na bar gurbi
daidai faɗin Tambai, ba mai cikewa.

Ban ce ni malami ne ba.
Izu biyu gare ni, su ma da tuntuɓe.
Na sha kwana ina juyi: in gaskiyarsa ce fa?
Na taɓa jefa akayau a rumbu wata uku,
na tuba har da hawaye.
Sai ga ni tsakar noma, fartanya na sauka,
dunduniyata na amsawa.

Daren jiya injin ban-ruwa ya mutu a lambun can.
Haske ya doso mu:
Malam Sagiru, wando naɗe, taɓo har gwiwa.
Ƙafata ɗaya na sama. Na sauke ta.
Ya yi sallama, muka amsa.
Ya haska akayau, ya ga audugar ta leƙo,
ya daɗe bai ɗauke tocilar ba.
Ya ce, “Mati, maganata na nan inda na ajiye ta.”
Na ce, “Na sani, Malam. Allah ya shirye mu.”
Ya ce, “Amin. Barau, zo ka duba min injin nan,
albasar yau kwana uku ba ta sha ba,
ta fara yanƙwanewa.”

Muka bi shi mu huɗu, ni na riƙe fitila.
Barau ya busa fulogi, ya ja igiya,
injin ya tashi: tuf, tuf-tuf, tuf.
Ruwa ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya.
Na dubi Ilu.
Yaron ya cije leɓe, ya kafe ƙafa a taɓo,
babban yatsan ne kawai ke motsawa.