Murya Ta Arba'in Da Ɗaya

Bayan isha'i ɗakin gwaji ya yi tsit,
fanka na tura zafin Sakkwato daga bango zuwa bango.
Na toshe kunnuwana da iyafis, na buɗe manhajar
da Dakta Bagudu ya ce in riƙe ta kamar hadda.

Mutum sittin ne a ciki, babu fuska, babu suna,
sai lamba.
Kowa ya buɗe baki ya ja aaa,
ni kuma in auna:
kaushi nawa, iska nawa ke zurarewa,
maƙogwaro ya shaƙe ne ko ya saki.
Sifiri, ɗaya, biyu, uku.

Makon farko ja kawai allon ke nuna mini.
Na ce biyu, ya ce uku.
Na ce lafiya lau, ya ce sake ji.
Ashe shekara ashirin da bakwai
ina ɗauke da kunne kamar kayan aro.

A hankali suka soma rarrabuwa.
Ta goma sha biyu kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.
Ta talatin, tayar keke mai sace iska.
Ta arba'in da ɗaya mace ce,
muryarta na tafiya sai ta yanke,
kamar zare ya ƙare a bakin allura.
Na ba ta biyu. Allo ya yi kore.

Ran Talata Maidamma ya zo, ɗan kamashon Tashar Illela,
wanda kira ya cinye masa murya.
Kafin Dakta ya zura madubi na rubuta abin da na ji.
Ya duba takardata, ya gyaɗa kai.
Ranar har naman Kara na saya wa kaina.

Da dare na kira gida, Dange.
Inna ta ɗauka.
"Kuluwa, kin yi wuyar gani, yaushe za ki taho?"

Na yi shiru.
Zaren ya yanke a kan "taho".

Tun bara nake jin haka.
Na ce tsufa ne, na ce hayaƙin tandar masa ne,
na ce sabis ɗin ƙauye ne.
Muryar da ta fara kiran sunana a duniya,
sai da baƙuwa mai lamba ta koya mini jin ta.

"Inna, ki ce aaa."
Ta yi dariya, dariyar ma da kaushi.
"Wagga boko taku! Ni akuya ce?"
"Ki dai ce."

Ta ce.
Na ƙirga daƙiƙa huɗu, numfashin ya ƙare.

Babu allo a gabana, babu ja, babu kore,
babu wanda zai ce na yi daidai.
Na rubuta biyu a tafin hannuna,
na goge da yawu,
na sake rubutawa.

Motar farko ta Dange ƙarfe shida take tashi.
Na bar iyafis a kan tebur.