Kwalba Uku a Shagon Tsiala

A Telabi, bayan rumfar masu cuku,
akwai matakala bakwai da ke gangarawa ƙasa.
Ta shidan ta tsage tun ina yaro,
ƙafar kowa ta san ta tsallake ta.
Can ƙasa Tsiala take zaune
da fitila ɗaya, da mage mai ido ɗaya,
da kwalabe marasa tambari,
sai rubutun alli a kafaɗarsu:
sunan manomi, da shekara.

Na ce, "Ba ni ja, mai sauƙin kuɗi."
Ta ce, "Zauna."
Ba ta ciniki da wanda ke tsaye,
ba ta sayar wa bakin da bai ɗanɗana ba.

Ta tsiyaya a ƙoƙon yumɓu,
abin da ko gashin baki ba zai jiƙa ba.
"Kar ka haɗiye tukuna.
Baƙo ne, ya sha hanya,
bari ya gaisa da harshenka."

Na riƙe shi.
Da fari tsami, irin na gaskiyar da ba a so,
sai ɗaci siriri a gefen dasashi,
sai wani abu da ban san sunansa ba,
kamar ƙasa in ta sha ruwan farko,
kamar rigar tsoho da ta kwana kusa da murhu.

"Na Elguja ne," in ji ta.
"Shekarar da ƙanƙara ta sauko ana dab da girbi,
ta zubar da rabin inabinsa
kafin matarsa ta gama kwashe shanya.
Abin da ya tsira ya tsince da hannu,
ya matse, ya ɗura a randa
wadda ke binne har wuya a ƙasan ɗaki,
ya liƙe bakinta da laka,
ya zauna jiran dusar kan duwatsu ta narke."

Tsallaken titi akwai babban kanti,
fitilu farare fat, kwalabe ɗari biyar a jere,
kowacce da zanen zinariya a goshi.
Can ba mai tambayar ka
da wa za ka sha.

Tsiala ta tambaya.

Na ce gobe babana ke cika shekara a ƙasa.
Dangi za su taru,
kawu Gocha zai miƙe da ƙaho a hannu
ya yi ta jawabi har nama ya huce.

"Ɗan Otar ne kai, mai gyaran agogo?"
Ta jawo wani littafi da ya sha maiƙo,
ta lashi yatsa, ta yi ta buɗawa.
Ga sunansa nan, da rubutunta:
ba ya son mai zaƙi.
Ƙasa kaɗan: kwalba ɗaya, bai biya ba.
Na kai hannu aljihu.
Ta buge min hannu kamar mai korar ƙuda.
"Bar shi. Muddin yana cikin littafin nan
ina da dalilin tuna shi."

Na Elguja saura uku a duniya.
Shi ma ya tafi bara waccan,
'ya'yansa sun sayar wa kamfani gonar,
randunan suna nan a binne, ba kowa a ciki sai iska.
Na ce ta haɗa min duka ukun.
Ta naɗe biyu a tsohuwar jarida,
ta mai da ɗayar bayan kanta
inda mage ke kwana.

"Wannan fa?"
"Ba ta sayarwa ba ce."
"Sai yaushe?"
"Sai ranar da wani zai sauko matakalar nan
ya ce Tsiala ce ta cika shekara."

Na hau da kwalba biyu a ƙirji
kamar mai ɗauke da tagwaye.
A ta shida na manta, na yi tuntuɓe.
Daga ƙasa muryarta ta biyo ni:
"Kai dai ka karye, su kar su fashe!"