Mai Tsaron Ƙofa, Daren Laraba

Ni ne mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa,
rand hamsin, in buga maka tambari a bayan hannu.
Matakala goma sha uku za ka sauka,
ɗakin na warin taba da jiƙaƙƙen kwat.
A waje iskar Kef ta kifar da bola,
tana jifan Dutsen Tebur da ledoji.

Da can ni ma na hura saksafon.
Haƙora suka yi mini yaji ɗaya bayan ɗaya.
Yanzu yana ƙarƙashin gado cikin bargo, kamar mai zazzaɓi.

Laraba daren yara ne.
Su huɗu, in ka tara shekarunsu
da kyar su ɗara nawa da goma.
Lwandle mai ƙaho ya zo da rigar aro,
hannunta ya haɗiye masa yatsu.
Sinazo ta sauko da bas daga motar Gugulethu,
kujera biyu ta biya, ɗaya tata, ɗaya ta katakon.
Riedwaan na ɗaure ƙafar ganga da igiyar takalmi.
Zintle mai fiyano ba ta gaida kowa ba,
tana cizon farce, tana ƙirga wani abu a silin.

Kiɗan farko tsere suka yi,
kowa na so ya riga kowa isa gida.
A na biyu Lwandle ya zazzage duk abin da ya sani
kamar mai talla da rana ke shirin faɗuwa a kansa.
Na ce a raina: yaro, ba shiru wurin zama.
Kai goma sha tara na ƙirga,
bakwai danginsu ne.

Sai wuta ta ɗauke.

Firij ya yi tari ya mutu, lasifika ta haɗiye harshe.
Wani ya ja tsaki, kujera ta faɗi.
Mai gida ya tafi lallashin injin da ba mai a cikinsa.
Na rungume akwatin kuɗi, ina shirya kalmomin ban haƙuri.

Cikin duhun nan aka ja tsirkiya ɗaya.
Dum.
Sinazo ce. Ta jira. Ta sake ja,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ta san da mutane.
Riedwaan ya ajiye sanduna,
ya shafi fatar da tafin hannu.
Zintle, da takarda ta ɓace mata,
ta taɓa farare uku da baƙi ɗaya
ta tsaya tana sauraronsu har suka huce.
Ba wanda ya kunna waya. Na rantse, ko ɗaya.

Lwandle ya daɗe bai shigo ba.
Daga ƙofa ina jin numfashinsa.
Da ya hura, sauti ɗaya ne, dogo,
da ɗan tsagu a gefe,
irin na kofin da ka kasa yarwa.
Wannan ba a aji aka koya masa ba.
Kakarsa ce ke kiran yara da magariba a Langa,
jirgin ƙasa ne da ya makara a Salt River.
Leɓɓana suka motsa ba da izinina ba,
yatsuna na neman maɓallai a jikin akwatin kuɗi.

Minti nawa? Kada ka tambaye ni.
Wuta ta dawo ta kama mu,
kowa na share ido yana ɗora wa hayaƙi laifi.
Tafi ya makara, sannan ya zubo gaba ɗaya.

Na raba musu kuɗin ƙofa,
iyakarsa mota da burodi.
Lwandle ya tsaya a mataki na uku:
“Kawu Cassiem, na kauce a tsakiya, ka ji?”
Na ce na ji.
Riƙe shi, kada ka kuskura ka gyara.

Ƙarfe biyu na isa gida.
Na jawo bargon, na buɗe.
Ban hura ba.
Mai kawai na ɗiga wa maɓallan,
ɗaya bayan ɗaya, har asuba.