Tsirkiya Uku

An ɗauke wuta a Agege tun la'asar.
Janaretan maƙwabta sai tari yake kamar tsoho.
Ni da ƙanwata Laraba, tabarma ɗaya,
waya ɗaya mai tsagaggen gilashi,
abin kunne ɗaya: ita na dama, ni na hagu.

Katun ɗin Japan ne, na masu dara-daran idanu.
Yara huɗu a aji bayan an tashi:
mai fiyano, mai sarewa, wani mai yawan barci,
da wata siririya rungume da gogen da ya kusa fin ta tsayi.
Yarensu ba ma ji.
Rubutun ƙasa kuwa gudu yake, kafin in haɗa baƙi ya wuce.
Laraba ba ta karatu. Hannuwa take kallo.

"Wanda ya zana wannan ya taɓa riƙe izga."
Iyakar abin da ta ce ke nan,
ita ce kuma magana mafi tsawo da ta yi mini
tun da aka naɗe tabarmin makoki.

Wata goma sha ɗaya.
Akwatin gogenta na can saman kwaba,
bayan kwandon da har yau warin albasa bai bar shi ba.
Inna ta saya, gwanjo,
hannun wani tsohon malami a Ebute Metta,
da ribar tattasai, kaka biyu tana tari.
Duk Asabar ta raka ta bakin titi, ta sa ta a danfo zuwa Onikan.
Takan ce, "Ban san me Turawan nan suke faɗa da kiɗansu ba,
amma in ke kika ja, Hausa nake ji."

Ranar da Inna ta cika
Laraba na kan doguwar gada, mota ba gaba ba baya,
goge a cinya, takardar cin jarrabawa a hannu,
ruwan legun a ƙasa shiru kamar bai san komai ba.
Ta iso an riga an fita da ita.

Siririyar cikin waya ita ma ba ta kaɗawa.
Kashi bakwai muka kalla:
ta zo, ta zauna, ta ɗaure tsirkiya, ta sassauta, ta tafi gida.
Ba wanda ya yi mata wa'azi.
Na ce, wannan ai asarar data ce.
Laraba ta danne mini gwiwa.

A na takwas ta ja izga sau ɗaya.
Muryar ta fito a karkace, ba daɗi.
Mai fiyano bai tafa ba, bai ma waiwayo ba,
ya dai laluɓo wannan muryar da yatsa ɗaya
ya ajiye tasa kusa da ita.

Nan caji ya ƙare.

Duhu. Sauro. Can nesa jirgin ƙasa na wucewa.
Sai na ji ana jan kujera,
kwando ya faɗo, atishawa biyu,
maɓallin akwati ya ce ƙyas.
Tsirkiya ɗaya ta tsinke a ajiye, saura uku.
Ƙaron ya bushe, ta murza shi haka nan.

Kukan farko kamar ƙofar da ta sha damina.
Iya Bose ta ɗaga murya ta bayan katanga:
wa ke yanka akuya da daren nan?
Laraba ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya,
hannun dai bai tsaya ba.
Iya Bose ba ta sake magana ba.
Na ji ta rage ƙarar rediyonta.

Ban ce ta warke ba.
Da asuba idanunta sun kumbura, shayi ma ba ta sha ba.
Amma ina ɗaure takalmi ta miƙo mini 'yar takarda:
sunan tsirkiyar, kuɗinta,
da kwatancen shagon, hawa na biyu,
bayan mai gyaran agogo.